Balarabe da Masaukin Jirgi

Ku gyara zama in ba ku labarin Balarabe na Tungar Ɗorawa, wani ƙauye da ke gefen hanyar Zurmi zuwa Moriki. A ƙuruciyarsa Balarabe ya taɓa yin wata huɗu a birni yana tura amalanken kayan alhazai a filin jirgi. Wata huɗun nan kuwa ya shekara ashirin da biyu yana ba da labarinsu. Bai taɓa shiga jirgi ba, amma idan ya fara bayani sai ka rantse shi yake koya wa matuƙa aiki.

A damunar da nake ba ku labari gero ya yi kyau ƙwarai. Gonar Balarabe ta fi ta kowa, shimfiɗaɗɗiya ce, ga zangarniya kamar damtse. Ita ce kuma abincin gidansa na shekara, don ba shi da shanu, ba shi da wata sana'a. Gero na fara ido sai ga jan-baki, tsuntsayen nan masu zuwa dubu-dubu kamar hadari. Nan da nan kowane gida ya kafa rumfar tsaro a gona, aka ja igiyoyi aka rataya gwangwanaye, ana kaɗawa ana ihu tun asuba har faɗuwar rana.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, dattawa na zaune ƙofar gidan mai gari Dauda, sai rediyo ta ce jami'an gona za su turo jirgi ya yi wa tsuntsaye feshi a yankin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Balarabe ya girgiza kai.

"Ku daina murna," in ji shi. "Jirgi ba shi zuwa garin nan."

Mai gari ya ce, "Don mi, Balarabe?"

"Ranka shi daɗe, don ba mu da hanga."

Amadu, wanda taubashin Balarabe ne kuma gonarsu iyaka ɗaya, ya ce, "Ita kuma wace dabba ce?"

Balarabe ya gyara zaman hula. "Jahilci dai bai yi ba. Hanga ita ce ɗakin jirgi. Nan yake kwana, nan ake duba lafiyarshi. Kai in ka je baƙunta garin da babu masauki, kana zama? To haka jirgi yake. Kalma ce ta manyan Turawa, ba kowane baki ke iya ɗaukarta ba. Ni ma sai da na yi wata biyu kafin su yarda in faɗe ta."

Amadu ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Shi mutum ne mai kai albasa Maraɗi. Ya ce, "Hanga? To ai a Maraɗi mai tsire ma yana da ita! Duk wata rumfar kasuwa haka mutanen can suke kiranta. A ƙarƙashin hanga nake sauke albasata kowane zuwa."

"Ƙarya kake, ɗan albasa!"

"In ƙarya ce Allah shi hana ni ganin kasuwar Zurmi."

Gardama ta yi zafi, har mai gari ya hango Malama Sa'adiya, shugabar firamaren garin, za ta wuce gida. Ya ce a roƙe ta ta raba. Ta tsaya daga nesa, ta gaishe su, ta saurari kowa. Sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, duka biyun suna da gaskiya. Ɗakin ajiye jirgi ake nufi. Amma Turawan Ingila aro sunka yi daga Faransanci, shi ya sa mutanen Nijar sunka san ta. A can asali rumfa ce ta manoma, inda ake ajiye amalanke da ciyawa da kayan aiki. Da anka fara ƙera jirage, ƙanana ne, sai aka riƙa tura su cikin irin waɗannan rumfuna. Jirgi ya girma, ɗaki ya girma, suna ya zauna."

Ta yi sallama ta wuce. Kowa ya juya yana kallon Balarabe, ana jiran a ga yadda kunya za ta kama shi. Ina! Miƙewa ya yi tsaye.

"Kun ji ko? Abin da nake ta faɗa muku ke nan! Rumfa ce! To wa ya fi mu sanin rumfa? Tun kakanninmu muke kafa ta. Ashe Turawa wurin manoma sunka koya. Ranka shi daɗe, a ba ni gayya ta kwana ɗaya, in kafa wa jirgi masaukin da zai hango daga sama ya ce nan zan sauka."

Amadu ya ce, "Ɗazu kalmar manyan Turawa ce."

"Ɗazu ban ƙare magana ba ka katse ni."

Mai gari ya auna maganar. Shi dai ya ga ba a rasa komai ba, in jirgi ya zo an ci riba, in bai zo ba an samu abin hira. Ya ce, "A ina za a kafa?"

"A gonata," in ji Balarabe. Ya riga ya gama hango kansa yana gaisawa da matuƙi, mutanen Moriki na leƙe daga bayan shinge.

Da ya koma gida ya ishe matarsa Iyatu ta dawo daga rumfar tsaro, muryarta ta dushe saboda ihu. Ya ce, "Iyatu, huta. Daga gobe kin bar korar tsuntsu."

"Wa zai kora, Malam?"

"Jirgi."

"Yaushe zai zo?"

"Da ya ga masauki."

"Su tsuntsayen an gaya musu su jira?"

Balarabe ya ce mata maganar jirgi ba ta mata ba ce. Iyatu ta ce maganar tuwo kuwa tata ce, kuma in rumbu ya tashi babu komai ba jirgi za ta dafa ba.

Washegari gayya ta taru, da kalangu da fura. Abu na farko da Balarabe ya yi shi ne rushe rumfar tsaronsa, ya kwashe dirkokin. Ya kwance igiyoyin gwangwani kaf, ya ce za su harɗe wa jirgi ƙafa. Sannan ya kafa doka: babu ihu, babu kaɗa gwangwani a ko'ina cikin gonarsa, don a filin jirgi ba a hayaniya, matuƙi na buƙatar jin umarni.

Sai awo. Ya taka ƙafa arba'in, ya ce faɗin fukafukai ke nan. Masu aiki suka dubi itatuwan da aka tara, mafi tsawo bai wuce taki huɗu ba. Wani ya ce, "Malam Balarabe, wane itace zai gitta taki arba'in?"

Balarabe bai ko yi tunani ba. "A kafa dirka kowane taki uku, a tsakiya da ko'ina."

Aka yi ta haƙa ana kafawa. Kafin azahar wurin ya zama kamar kurmin da aka sassabe wa ganye. Amadu ya shiga ciki yana karkacewa, ya fito ta ɗaya gefen yana sosa kafaɗa.

"Taubashi, ni da ba ni da fiffike da ƙyar na fita. Ta ina jirgin zai bi?"

"Ka taɓa ganin ɗan kabu-kabu cikin Kasuwar Daji ranar kasuwa? Yana ratsa shanu da buhuna bai taɓa kowa ba. To matuƙin jirgi ya fi shi karatu."

Jama'a suka ce a gwada a gani. Aka kawo amalanken shanun Amadu, aka ɗaure doguwar gora a gicciye ta zama fukafukai. Balarabe ya hau, ya ce shi ne matuƙi. Ya daka wa shanu tsawa da wani yare da ya ce na filin jirgi ne. Shanun ba su taɓa jin irinsa ba, suka zabura. Gora ta maƙale a dirkoki biyu na farko, shanu suka ja, dirkoki suka bi, na bayansu suka bi su, har goma sha ɗaya. Matuƙi ya wuntsila ta baya ya faɗa cikin ƙwaryar furar gayya.

Ya tashi fura na zuba daga gemunsa, ya ce, "Madalla. Gwaji ya yi kyau. Yanzu mun san waɗanda ba su kafu ba."

Mai kalangu ya kasa kiɗa don dariya.

Da aka sake kafawa sai Balarabe ya tuna jirgi ba kamar ungulu yake sauka ba, sai ya yi gudu a ƙasa. Ya ɗauki lauje da kansa ya faɗa wa geronsa, ya share hanya tun daga bakin rumfa har iyakar gona, faɗinta taki goma. Geron da saura mako biyu ya nuna ya kwanta a ƙasa. Tsofaffi suka yi salati. Iyatu ta zo da gudu, mayafi a hannu.

"Malam! Dami nawa ka kashe yanzu?"

"Ba kashewa ba ce, sadaukarwa ce."

"Sadaka ga wa?"

"Ga ci gaba."

"To Ci-gaba shi zo shi ci abinci gidanmu bana, mu gani in zai ƙoshi."

Saura rufi. Zanar da aka tara ba ta rufe ko kwata ba. Balarabe ya tafi gida ya kwance dangar gidansa, ya haɗa da zanar makewayi. Iyatu ta dawo ta ga daga tsakar gidanta ana hango masallaci, daga masallaci kuma ana hango abin da bai kamata ba. Ta rataya tsofaffin zannuwanta a wurin, ta ce ba za ta ƙara magana ba, Allah na gani, yanzu kuma duk gari na gani.

Har yanzu rufi bai cika ba. Sai Balarabe ya dubi geron da ya sare yana kwance, ya tafa hannu. "Ga rufi Allah ya kawo!" Aka ɗora karan a sama, da ganyensa da zangarniyarsa, ba a yanke ko ɗaya ba, don ya ce babu lokaci. Rana na faɗuwa aka gama. Ya samo allo ya sa aka rubuta HANGA da gawayi, ya kafa a bakin hanya.

To, jan-baki ba su iya karatu ba, amma sun san wurin zama. Gari na wayewa suka taso daga fadama. Suka nufi gonar mai gari, aka kaɗa musu gwangwani. Suka juya gonar liman, aka yi musu ihu. Suka faɗa ta Amadu, ya sake musu majajjawa. Sai suka hango wata gona guda, shiru kamar maƙabarta, ga inuwa an kafa, ga gero an shanya a kan rufi, ga wani kuma a tsaye. Suka sauka.

Kwana biyu Amadu ya lura gonarsa ta yi sauƙi. Ya hau rumfarsa ya duba, ya ga inda baƙin suka koma. Daga ranar babu wanda ya kai shi goyon bayan hanga. Kullum da safe sai ya leƙo ta kan iyaka.

"Taubashi, Allah shi ƙara basira. Kada ka bari kowa ya yi maka hayaniya a filin nan."

Balarabe ya ce, "Ka fara hankali."

"Na fara. Jiya ma na ji kamar ƙugin jirgi wajen Shinkafi. Ka ƙara haƙuri."

Sauran maƙwabta ma suka gane. Mai kawo goro na kawowa, mai kawo fura na kawowa, kowa na cewa aikin nan na Malam Balarabe ya amfani gari. Ba ƙarya suke ba. Balarabe ya ƙara kumbura. Iyatu ta saci jiki ta je gona da tsohon kwano da muciya, ta fara bugawa, ya biyo ta ya ƙwace.

"Kina son ki kori jirgi?"

"Malam, dubi sama. Dubi zangarniyar nan, ta koma tsinke."

"Dabara ce. Ina tara su wuri ɗaya don jirgi shi same su a sauƙaƙe."

"Da geronmu kake tara su?"

"Kowane babban aiki da abin da yake ci."

Ya faɗi haka da ƙarfi, amma da ta tafi ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya busa, bai ga ƙwaya ko goma ba. Ya ɗaga kai ya dubi sama ta gabas, ya dubi ta yamma. Ya ce a ransa gobe dai zai zo, kuma in ya zo ai gwamnati ba za ta bar mai masaukin jirginta da yunwa ba.

Ran kwana na tara, da hantsi, saƙo ya iso cewa masu feshi na tafe. Gari ya fashe, kowa ya nufi gonar Balarabe, har da mutanen ƙauyukan kusa. Balarabe ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya ɗauko faifai biyu na Iyatu, ɗaya a kowane hannu, irin yadda ya ga masu yi wa jirgi nuni suna yi. Ya tsaya tsakiyar hanyar da ya share, ya kafa ido a sama.

"Kowa shi ja baya! Iskarshi kaɗai tana ɗaga saniya!"

Ana ta kallon sama har wuya ya gaji. Sai aka ji hon daga baya. Wata farar mota ce mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a bakin gona. Wata matashiya mai hijabi da takalmin roba ta fito, ta durƙusa ta gaida mai gari, ta ce sunanta Hamdiyya, ita ce mai sarrafa jirgin.

Balarabe ya matso. "Ɗiyata, sannu da hanya. Jirgin na baya ko? Ki gaya ma matuƙi masauki ya kammala."

"Baba, ai ga shi nan mun zo da shi."

Mutum biyu suka sauke wani baƙin akwati daga bayan mota. Ta buɗe, ta fito da wani abu mai ƙafa huɗu, ta miƙe masa hannuwa, ta ɗaura masa farfela. Duka-duka bai fi faɗin tabarmar sallah ba.

Sai muryar Amadu daga cikin taro: "Taubashi, wanga kam zai ratsa dirkokin."

Dariya ta ɓarke. Balarabe ya ce, "Wannan ɗan jirgin ne. Uwar na tafe."

Hamdiyya ta ce, "Babu wata uwa, Baba. Shi ke nan. Marar matuƙi ne, daga ƙasa nake tuƙa shi." Ta juya ga mai gari. "Ranka shi daɗe, ina tsuntsayen sunka fi taruwa?"

Hannu ya fi ɗari ya nuna hanga a lokaci guda.

Ta ce za ta fara tashinsa babu magani, ta duba wurin tukuna, kowa ya koma bayan mota. Kowa ya koma, ban da mutum ɗaya. Balarabe ya ga in jirgin nan ya tafi bai shiga rumfarsa ba, ya gama yawo a garin. Ya zagaya ta cikin kara, ya shige hanga, ya tsaya tsakiyar dirkoki yana ɗaga faifai.

"Nan! Nan za ka shigo! Dama kaɗan!"

Jirgi ya tashi da ƙugi kamar amya ta fashe, ya tsaya daidai saman rufi. Tsuntsayen da suka kwana tara ba a ce musu ko kanzil ba suka firgita. Dubbai suka tashi a tare, har rana ta dushe. Rufin da ma sun cinye shi sun bar tsinke, igiyoyi sun saki, iskar farfela ta ƙarasa. Zana ta farko ta zame, ta ja dirka, dirka ta ja 'yar uwarta, sai ga hanga duka ta durƙusa, ta kwanta rijif.

Iyatu ta ƙwalla ƙara. Maza suka ruga suna ɗaga zana. Can aka ga wata ta motsa, Balarabe ya fito da rarrafe, lafiya lau, sai dai rigar Idi ta koma fara da baƙi da kashin tsuntsu na kwana tara, faifai ɗaya ya huje ya shige masa har gwiwar hannu. Iyatu ta duba ta ga da ransa, ta share hawaye, ta ce, "Zanar makewayina ce a kanka. Miƙo ta."

Nan take kowa ya shiga neman nasa. "Wagga dirka tawa ce." "Wanga itace na gidan liman ne." Kafin Hamdiyya ta gama bin tsuntsayen zuwa fadama ta yi aikinta ta dawo, babu abin da ya rage sai ramuka da allo. Ta naɗe wa jirginta hannuwa ta mayar da shi akwati. Balarabe ya matso a hankali, ya rage murya.

"Ɗiyata, tsakaninmu, a ina yake kwana?"

"A akwatin nan, Baba. Ƙarƙashin teburina."

Da girbi ya zo, gonar da ake sa ran dami sittin ta ba da huɗu da rabi. Sauran gari kuwa rumbuna suka cika har ana neman wurin zubawa. Mai gari ya tara mutane ya ce gaskiya ɗaya ce, geron Balarabe ne ya fanshi na kowa, don haka kowane gida ya kai masa dami ɗaya. Amma da sharaɗi: dawa ba ta nuna ba tukuna, Balarabe ne zai hau rumfar tsaro ya kore mata tsuntsu har a yanke.

Aka kafa masa doguwar rumfa a tsakiyar gonakin dawa. Bayan kwana uku Iyatu ta kai masa fura da rana, ta ishe ya tsayar da wasu fatake biyu masu zuwa Moriki, yana yi musu bayani daga sama.

"Wagga da kuke gani ba rumfa ba ce, hasumiya ce. A filin jirgi daga irinta ake ba da umarni. Duk abin da ke da fiffike a ƙasar nan, ba shi sauka sai da izinina."

Iyatu ta ajiye ƙwarya a gindin dirka, ta ɗaga kai.

"Wannan gaskiya ne, bayin Allah, ni shaida ce. Na gonarmu ma shi ya ba su izini. Malam, ja igiyar, ga wasu can sun sauka bayanka ba su tambaye ka ba."

Balarabe ya waiwaya, ya ja igiya, gwangwanaye suka ɗauki ƙara. Nan na baro shi, yana ja yana ihu.